Tambaya da Amsa: Hoton ƙashi, aidin ɗin maƙoƙo da PET, me ya sa sai an bar Kano?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon duk abu ɗaya suke kuka da shi: likita ya rubuta wani hoto ko wani magani, an zaga gari ba a samu ba, an ce sai Abuja, Ibadan ko Legas. Fannin shi ne likitancin nukiliya, inda ake sa wa majinyaci ɗan sinadari mai fitar da haske mai ratsa jiki, ta allura ko ta baki, don a ɗauki hoton yadda wata gaɓa take aiki ko don a kashe ƙwayoyin cuta daga ciki. Likitoci da masu kula da na'urorin fannin ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 68, an gano yana da ciwon daji na furostet, gwajin PSA ɗinsa ya kai 45. Likita ya ce mu kai shi Abuja a yi masa hoton ƙashi. To ga CT ga MRI a nan Kano, don me za a wahalar da dattijo a hanya? (Daga wani ɗansa, Kurna)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Likitanku bai yi kuskure ba. Dajin furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, idan zai bazu ƙashi yake fara nufa: ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari. Idan PSA, wato gwajin jinin da ake bibiyar cutar furostet da shi, ya haura 20, ko majinyaci yana kukan ciwon ƙashi, ana son a duba ƙasusuwan jiki gaba ɗaya kafin a yanke shawarar magani, domin wanda cutarsa ke wuri ɗaya ana iya yi masa tiyata ko gashi, wato harba haske a kan ƙarin, da niyyar warkewa, wanda tasa ta bazu kuwa hanyar maganinsa daban ce. CT siffar ƙashi yake nunawa, sai ɓarna ta yi nisa yake gani sosai. Hoton ƙashi na nukiliya kuwa aikin ƙashin yake nunawa. Duk inda ƙashi ke fafutukar gyara kansa, sinadarin zai taru a wurin ya yi baƙi a hoto, tun daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa a zama ɗaya.

Ga yadda ranar take kasancewa. Ba a buƙatar azumi, Baba ya karya kumallo ya sha magungunansa. Za a yi masa allura ɗaya a jijiya ta sinadarin teknishiyam-99m da aka haɗa da wani maganin da ke manne wa ƙashi, kimanin milikuri 20 a ma'aunin ƙarfin irin wannan sinadari. Sai jira na awa 2 zuwa 4. A wannan jiran ya sha ruwa lita 1 zuwa 1 da rabi, ya riƙa fitsari akai-akai, don abin da ƙashi bai ɗauka ba ta fitsari yake fita. Dab da shiga ɗaki ya sake yin fitsari. Shi kansa hoton minti 30 zuwa 45 ne, a kwance, ba motsi. Abubuwan da suke ɓata hoto ƙanana ne amma suna yawan faruwa: ɗigon fitsari a wando yana fitowa kamar cuta a ƙashin ƙugu, saboda haka ku tafi da wandon canji kuma a yi tsarki da kyau, kuɗin ƙarfe, makulli da kan bel suna tare hasken su bar farin gurbi, mafitsarar da ta cika tana rufe ƙashin da ake son gani, kuma masu ciwon furostet su ne suka fi fama da wannan. A gaya wa likitan hoton duk wata tsohuwar karaya, faɗuwa, amosanin gaɓɓai ko sikila, domin su ma suna yin baƙi a hoto ba tare da daji ba.

Maganar rashinsa a kusa kuwa, tushenta lokaci ne. Ƙarfin teknishiyam yana raguwa da rabi duk awa 6, ba a iya ajiye shi a kantin magani. Asibiti yana sayen uwarsa ne, molibdenam-99, a cikin wata tukunya mai kaurin dalma da ake kira janareta, kowace safiya a zuba ruwan gishiri ta cikinta a tatso teknishiyam na ranar. Ita ma uwar tana raguwa da rabi duk awa 66. Bayan mako 1 abin da ya rage bai kai kashi 20 cikin 100 ba, bayan mako 2 kusan kashi 3 ne. Kamar mai dakon ƙanƙara ne a watan Afrilu, duk tsayawar da ya yi a hanya daga cikin kayansa ake cira. Kuma tukwanen nukiliya da suke samar da molibdenam ɗin duniya 'yan ƙalilan ne, a Beljiyam, Holan, Polan, Jamhuriyar Cek, Ostireliya da Afirka ta Kudu. Dole a ɗauko shi a jirgin sama, da kuɗin waje, da izinin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, sannan ya fita daga hannun kwastan a kan kari. Shi ya sa cibiyoyin suka tsaya kusa da inda jiragen kayan ke sauka da inda ƙwararru suka taru. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyarsa a 2006, sai Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kuma shekaru masu yawa waɗannan biyun ne suka ɗauki nauyin ƙasar baki ɗaya a ɓangaren gwamnati. Daga Kano zuwa Abuja fiye da kilomita 400 ne, Ibadan kuwa ya haura 800.

Abu ɗaya da ba ma so ku manta: idan ƙafafun Baba suka fara sanyi ko nauyi, ko fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko ciwon baya ya tsananta har ya hana barci, kada ku jira ranar Abuja. Wannan alamar cutar ta danne lakar baya ce. A ranar za a kai shi asibiti a yi MRI na ƙashin baya, wanda akwai shi a Kano, a fara magani. Jinkirin kwana 1 ko 2 kan iya jawo shanyewar ƙafa ta dindindin.

TAMBAYA: Ni mace ce mai shekara 31. Shekara 2 ina shan kabimazol saboda maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama, da na daina sai ya dawo. Likita ya ce ko tiyata ko in sha aidin na nukiliya. Ina shayar da jaririya 'yar wata 8, muna zaune a gidan yawa. Mutane suna ce min zai hana ni haihuwa. (Daga wata baiwar Allah, Gwammaja)

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, amma ki saurari sharuɗɗan da kyau. Aidin-131 magani ne da aka fi shekara 80 ana amfani da shi. Ƙullutun tayirod da ke gaban wuya shi ne ya fi kowace gaɓa zuƙar aidin ɗin da ya shiga jiki, don da shi yake haɗa sinadarinsa. Idan kika haɗiyi ƙwayar, can za ta taru, haskenta kuma ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 a cikin nama, sai ya rage ƙullutun a hankali ba yanka ba ɗinki. Adadin da aka saba bayarwa ga irin ciwonki milikuri 10 zuwa 15 ne, sau ɗaya, kuma yawanci ba a kwantar da mutum. A wannan adadin ba ya hana haihuwa. Ciwon da ba a daidaita ba ne ma ya fi jawo ɓari da rikicewar al'ada.

Sai dai ba yanzu ba. Mai shayarwa ba ta shan wannan magani ko kaɗan, don yana fita a nono ya lalata tayirod ɗin jariri, kuma maman mai shayarwa yana tara shi. Sai kin yaye, an yi aƙalla mako 6 da yayen, kuma ba za ki koma shayar da wannan yarinyar ba, sai dai haihuwa ta gaba. Shawararmu ki ci gaba da kabimazol a ƙarƙashin kulawar likita har ki yaye ta cikin natsuwa. A ƙaramin adadi ana shan sa da shayarwa. Idan kika ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kina kan wannan maganin, ki dakata da shi ki je a auna ƙwayoyin jininki a ranar, don wani lokaci yana karya garkuwar jiki. Mai ciki ma haramun ne a ba ta aidin-131. Za a yi miki gwajin ciki cikin kwana 3 kafin ranar, sannan ki yi tsarin iyali na aƙalla wata 6 bayansa. Wannan magana ce da ya kamata a yi da maigida tun kafin a sa rana.

Shirin da ake yi shi ne a sa ƙullutun ya ji yunwar aidin. Ana tsayar da kabimazol kwana 3 zuwa 7 kafin ranar, yadda likita ya tsara. Furofanolol na bugun zuciya kuwa ana ci gaba da shi. Mako 1 zuwa 2 ana rage abinci mai aidin: kifi, busasshen jatan lande, madara, nono, gwaiduwar ƙwai, da maganin ƙarin jini mai aidin a ciki. Gishirin da ake sayarwa a Nijeriya an sa masa aidin, dunƙulen miya ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, don haka a tambayi cibiyar yadda take so a yi da su. Idan an yi miki CT da allurar ruwan hoto kwanan nan, ki faɗa, don wannan ruwan cike yake da aidin, sai an jira mako 6 zuwa 8. Mutane da dama sun yi tafiya mai nisa maganin bai kama ba saboda wannan kaɗai.

Yanzu ga wurin da nisa ya fi cutar da mutumin Kano. Takardar ƙa'idojin da ake bayarwa an rubuta ta ne da tunanin mai ɗakinsa shi kaɗai da banɗakinsa mai ruwan famfo, wanda gidansa ke minti 20 daga asibiti. Ke kuwa bayan kin haɗiyi ƙwayar akwai tafiyar awa 6 ko fiye a gabanki. Kada ki shiga motar haya a matse ku a kujera ɗaya a ranar farko, don ba ki san ko ta gefenki tana da ciki ba. Ko dai ki kwana 1 ko 2 a ɗakinki ke kaɗai a garin, ko ku taho a motar gida ki zauna a baya, ɓangaren da ya fi nisa da direba, ana tsayawa kina shan ruwa kina fitsari. A gida, na tsawon kwanakin da cibiyar za ta rubuta miki, galibi mako 1 zuwa 2: ki kwana ke kaɗai, ki bar tazarar mita 2 tsakaninki da yara da masu ciki, ba goyo ba rungumar yarinya, a samu kaka ko ƙanwa ta riƙe ta. Kwanonki, kofinki, cokalinki da butarki su zama naki, ba cin tuwo a kwano ɗaya. Mafi yawan abin da jiki bai riƙe ba yana fita ta fitsari a kwana 2 na farko, kaɗan ta yawu da gumi. Idan masai ne na tsuguno, ki kora da ruwa bokiti guda bayan kin gama, ki wanke hannu da sabulu. Kada a yi amfani da fo a cikin ɗaki. Kayan sawarki a wanke su daban. Biki, suna da zaman makoki a haƙura da su a waɗannan kwanakin. Idan kika yi amai cikin awannin farko, ki kira cibiyar.

Ba a jin sauƙi nan take, sai mako 6 zuwa 12, wasu har wata 6. Kuma mu faɗa miki gaskiya tun yanzu: mafi yawan waɗanda suka sha, ƙullutun nasu yana komawa ya gaza aiki, sai su riƙa shan ƙwaya ɗaya ta tayiroksin kowace safiya har ƙarshen rayuwa. Wannan ba kuskuren magani ba ne, kuma ya fi sauƙin kulawa nesa ba kusa ba a kan ciwon da kike ciki. Ana auna jini mako 4 zuwa 6 bayan shan, a ci gaba da aunawa, kuma duk wannan a Kano za a yi. Idan idanunki sun firfito sosai, ki nuna wa likita tukuna, don aidin kan ƙara ciwon idon. Wani lokaci a haɗa da firednisolon, wani lokaci tiyata ce ta fi. Haka ma idan maƙoƙon ya yi girman da yake danne numfashi.

TAMBAYA: Shin wannan shi ne gashin da ake yi wa masu kansa? Gashin kai yana zubewa? (Daga wata malamar makaranta, Tarauni)

AMSA: Malama, ba ɗaya ba ne. A gashi, na'ura ce daga waje take harba haske a kan ƙari, kullum na tsawon makonni, kuma majinyaci ba ya tashi da komai a jikinsa. A nan kuwa sinadarin ne ke shiga jiki. Na hoto kaɗan ne ƙwarai: hoton ƙashi kimanin milisibat 4 ne a ma'aunin hasken da jiki ke ɗauka, alhali kowane ɗan Adam yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa, iska da sararin sama, CT na ciki kuma ya ninka hoton ƙashin. Ba ya zubar da gashin kai, ba ya sa maye, kuma bayan kwana 1 kusan duk ya fita. Mai ciki ko mai shayarwa dai ta faɗa kafin a yi mata allura.

TAMBAYA: An yi wa matata maganin dajin ƙullutun jiki, wanda likitoci ke kira limfoma, zagaye 6. Yanzu an ce sai an yi PET a Legas ko Masar a ga ko ya mutu. Tana da ciwon suga. Ba za a iya aiko da allurar Kano a yi a na'urar CT ɗinmu ba? Ko nawa ne zan biya. (Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari)

AMSA: Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya ya saka muku da alheri. Ba za a iya ba, saboda dalili biyu. Na farko, CT ba ya ganin wannan hasken, PET na'ura ce dabam mai zoben idanu na musamman, ko da yake ana haɗa ta da CT a jiki ɗaya. Na biyu, allurar suga ce da aka liƙa wa fulorin-18, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk minti 110. Ana yin sa ne da asuba a wata na'ura mai suna saikulotoron, a gwada ingancinsa, a yi amfani da shi a ranar. Ku lissafa fitowa daga wurin haɗawa, cunkoson Legas, jiran jirgi, tafiyar awa 1 da rabi a sama, da fitowa daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Idan duka ya ɗauki awa 6, kashi 10 cikin 100 ne zai iso. Jirgi ya yi lattin awa 2, an yi asarar fiye da rabin wannan ɗin ma. Shi ya sa PET ke bin saikulotoron duk inda yake, shi kuma yana bin inda ake da wuta tsayayya da masu iya biya. A nahiyar nan, Afirka ta Kudu, Masar, Aljeriya, Maroko da Tunisiya ne suka kwashe mafi yawan waɗannan na'urori, ƙasashe da dama kuma ba su da ko ɗaya. A Nijeriya ma sai a 'yan shekarun nan aka fara yin sa, a Legas, a hannun 'yan kasuwa.

Ga limfoma, tafiyar ta cancanta. Bayan magani sau da yawa ana ganin ragowar ƙullutu a CT, kuma CT ba zai iya bambance tabo da cuta mai rai ba. PET yana iyawa, don ƙwayoyin daji masu rai suna zuƙar suga da yawa. Amma a kula da lokaci: a bar aƙalla mako 3 bayan zagayen ƙarshe na maganin, idan da hali mako 6 zuwa 8, idan an yi gashi, wata 2 zuwa 3. Wanda ya yi gaggawa zai biya kuɗi ya samo hoton kumburi.

Sugan Hajiya shi ne abin da za ku fara gyarawa tun a Kano. Idan ya haura 11 a ma'aunin milimol, wato 200 a ɗaya ma'aunin, yawancin cibiyoyi za su ɗage hoton, domin sugan jininta zai yi takara da na allurar, cutar ta ɓuya. Kuma ba a gyara shi da allurar insulin dab da hoto, don insulin yana tura sinadarin cikin tsoka. Ku ga likitan suga mako 2 kafin tafiya, ku nemi a ba ku layin safe, ku tambayi cibiyar yadda za a yi da magungunanta, musamman metfomin da ke sa hanji ya yi haske. Azumin awa 6 ne, ruwa zalla kaɗai. Ba shayi, ba alewa, ba cingam. Kwana 1 kafin ranar ba aikin ƙarfi, ba doguwar tafiya a ƙafa. Ta sa kaya masu ɗumi, don sanyi yana tayar da wani kitse a wuya da kafaɗa ya yi haske kamar cuta. Bayan allura za ta zauna shiru awa 1, ba hira ba waya, sannan hoto na minti 20 zuwa 30. Muhimmin abu ga mutanenmu: tarin fuka yana haske a PET tamkar daji. Idan ta taɓa yin sa, ko akwai mai yi a gida, a rubuta a takardar. Wuri mai haske ɗaya ba hukunci ba ne, sau da yawa sai an ciri nama an auna.

TAMBAYA: Sau biyu muna zuwa wata cibiya da ƙanena, ana ce mana magani bai iso ba. Kuɗin mota da masauki sun cinye abin da muka tara. Me za mu yi? (Daga wani magidanci, Ɗorayi)

AMSA: Malam, wannan abin takaici ne, kuma ku ne kuka fi kowa ɗaukar nauyin matsalar da ba ku kuka jawo ta ba. Cibiyoyi suna tara majinyata ne su yi musu aiki a kwanakin farko bayan isowar janareta, lokacin da yake da ƙarfi. Idan jirgi ya fasa, ko takarda ta maƙale, ko tukunyar da ke samarwa a can waje ta tsaya don gyara, duk jerin ya rushe. Saboda haka kada ku bar Kano da ranar da aka rubuta a kati kawai. Ku karɓi lambar sashen kansa, ba ta babban asibiti ba. Kwana 1 kafin tafiya ku kira ku yi tambaya biyu a fili: maganin ya iso yana hannunku? Kyamarar tana aiki yau? Ku roƙi likitanku na Kano ya yi magana da likitan can kai tsaye, ya rubuta ainihin tambayar da yake so hoton ya amsa. Ku tafi da sakamakon naman da aka auna, faifan CT ko MRI ba rahoton kaɗai ba, gwajin ƙoda, da kwalayen duk magungunan da yake sha har na gargajiya. Ku tambayi ko za a turo sakamako ta waya, don kada ku yi kwana 3 a masauki kuna jiran takarda. Idan kuna da inshorar lafiya, a nemi lambar amincewa tun kafin a tashi.

Ba ku faɗi irin hoton ba. Idan na zuciya ne, ya bar goro, shayi, kofi da lemon kwalba mai kafin na awa 24, domin suna kashe aikin allurar da ake buɗe jijiyoyin zuciya da ita. Goro ɗaya a mota ya isa a ɗage hoton. Idan na ƙoda ne, ruwa ake so ya sha sosai, don haka ba a yin sa da azumi a baki. Ku kuma tambayi likitanku ko jiran zai canja magani. Wani lokaci MRI ko CT da ake da su a nan suna ba da amsar da ta isa a fara, bai kamata a zauna wata 2 ba magani ana jiran hoto ba.

TAMBAYA: Ina karanta fizis a Jami'ar Bayero. An koya mana cewa akwai tukunyar nukiliya a Zariya. Me ya hana a haɗa waɗannan sinadarai a can? Kuma me ake buƙata Kano ta samu cibiyarta? (Daga wani ɗalibi, Kabuga)

AMSA: Gaskiya ne, akwai ta a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki a 2004. Amma ƙarfinta kilowat 34 ne, an gina ta ne don koyarwa da auna sinadaran da ke cikin ƙasa, dutse da abinci. Ta Afirka ta Kudu da ke samar da molibdenam megawat 20 ce, ta ninka ta kusan sau 600, ga kuma masana'antar tacewa a gefenta. Ta Zariya ba za ta iya wannan aikin ba.

Kano kuwa tana da hujja mai ƙarfi. Ƙidayar 2006 ta nuna ita ce jihar da ta fi yawan jama'a, sama da miliyan 9, kuma asibitocinta suna karɓar majinyata daga Jigawa, Katsina, Bauchi, Yobe har Damagaram da Maraɗi. Tana da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da asibitin koyarwa. A ra'ayinmu ba da PET ya kamata a fara ba, duk da shi ne mai suna. A fara da kyamarar gamma mai kai biyu, wato na'urar da ke ɗaukar hoton hasken da ke fitowa daga jikin majinyaci, ɗakin haɗa magani mai katangar dalma da ma'aunin ƙarfin allura, da ɗaki 1 ko 2 na kwantar da masu dajin tayirod, waɗanda ake ba milikuri 30 zuwa 100 ko fiye, da banɗakinsu da tankin da zai riƙe ruwan har ƙarfinsa ya mutu. Wannan kaɗai zai ɗauke hoton ƙashi, ƙoda, zuciya da tayirod. Aidin-131 ma ya fi jure tafiya, don kwana 8 yake yi kafin ya ragu da rabi.

Abin da ke kashe irin waɗannan cibiyoyi bayan an yanke ƙyallen buɗewa sananne ne. Zuciyar kyamarar wani faffaɗan lu'ulu'u ne mai kaurin kusan milimita 10, wanda ba ya son danshi kuma yana tsagewa idan zafin ɗaki ya sauya da sauri. A garin da zafi ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ana iya yin asarar kan kyamara gaba ɗaya. Dole a sami wuta ta awa 24 da batura masu riƙewa, matatar ƙurar hunturu, da kwangilar gyara ta shekaru da aka sa hannu a kanta tare da sayen na'urar. Dole a ware kuɗin waje na janareta duk mako 1 ko 2 a kasafin kuɗi, ba sai an jira majinyata sun biya ba. Sai lasisin hukumar kula da nukiliya na gini, shigo da kaya, sufuri da zubar da shara. Sharar ma ajiye ta ake yi har ta ragu da rabi sau 10 kafin a fitar.

Sannan mutane, kuma nan ne kai ka shigo. Cibiya tana buƙatar likitan nukiliya, mai haɗa magungunan, masu ɗaukar hoto, ma'aikatan jinya, da masanin fizis na asibiti wanda ke gwada kyamara kowace safiya, yana lissafin adadin da za a bayar da ranar da za a sallami majinyaci. Likitan yana ɗaukar shekara 4 zuwa 5 yana ƙwarewa bayan karatun likita. Masanin fizis yana buƙatar digiri na biyu a fizis na likitanci da kusan shekara 2 na horo a cikin asibiti. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana tana ba da guraben horo ta hannun gwamnati, kuma a 2022 ta ƙaddamar da wani shiri na musamman don taimaka wa ƙasashen da ke da ƙarancin kayan gano ciwon daji da maganinsa. Idan kana da sha'awa, ka nemi aikin bincikenka na shekarar ƙarshe a kan auna haske da kariya daga gare shi, ka yi horon sanin makamar aiki a sashen hoto na asibitin koyarwa ko a cibiyar Zariya, sannan ka nemi digiri na biyun.